A sitatas Inna ta ji rasuwar ƙaninta

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da yake cina a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na ji sanyi.

Kawuna ya rasu ranar Talata a asibiti nan Kano, wajen shida da rabi na safe. Ƙanin mahaifiyata ne, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yayana yana kansa lokacin da rai ya yi halinsa. Ya kira ni muka yi shawara: Inna tana da hawan jini, kada kowa ya faɗa mata ta waya. Zai biya ya ɗauko Gwaggo, su je su zaunar da ita, a fara da cewa jikin ya yi tsanani, sannan a lallaɓa a kai ga maganar, kamar dai yadda muka taso muka ga ana yi.

Daga asibitin zuwa gida ko da cunkoso bai wuce minti arba'in ba. Kafin su isa, wani yaro ɗan maƙwabcin marigayin ya ɗora hotonsa a sitatas, da Innalillahi da fuskar nan mai zubar da hawaye har guda uku. Jikar Inna 'yar shekara 14 ta gani. Ta shiga ɗaki da waya a hannu, Inna tana kan sallaya da kofin kokonta a gefe, ta ce "Inna, wai Kawu ne ya rasu?" A ƙasa su Yaya suka tarar da ita. Alhamdulillahi ta farfaɗo, amma kwana biyu ta yi a gadon asibiti. Aka yi wa ƙaninta sutura aka kai shi makwancinsa ba ta gan shi ba.

Da na tuhumi yaron sai ya ce shi lada yake nema, don mutane su samu jana'iza. Ban ce ƙarya yake ba. Amma ku gaya min, wace irin gaggawa ce ta same mu da kowa ke son ya zama shi ya fara faɗa, har da mutuwa?

Maman Sadiƙ:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ba Inna lafiya da haƙurin rashi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi da na karanta.

Ɗan Gusau:
Allah ya gafarta masa. Baban Walida, ka yi haƙuri, na ji zafin abin da ya same ku. Amma ni na ɗanɗani ɗaya gefen, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana.

Farkon Satumba 2021 aka yanke sabis a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba turansifa, masu POS duk suka naɗe lemarsu. In kana son ka yi waya sai ka hau mota zuwa Funtuwa, da aka yanke na Funtuwa ma sai ka nausa Zariya. Ina Abuja lokacin ina buga-buga. Kakata da ta raine ni ta rasu a Ƙaura Namoda, ban sani ba sai ranar kwana na biyar, wani direba ya miƙo min takarda a tasha, an yago ta daga littafin makaranta an ninke huɗu. Har an watse daga zaman makoki. Kwana biyar ina cin abinci ina dariya da mutane, ita tana kabari.

Ni kam gara in gani a sitatas ɗin baƙo da in ji irin wancan jin.

Baban Walida:
Allah ya jiƙanta. Ban ce a kashe waya ba, Ɗan Gusau. Minti arba'in kawai muke nema.

Malam na Bakin Kasuwa:
Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, tsoho ba ya iya gajeriyar magana.

Sanar da rasuwa ba laifi ba ne. Ranar da Najjashi sarkin Habasha ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai a Madina, ya fita da su suka yi masa salla, yana cikin Buhari da Muslim. Saboda haka yaron nan yana da ƙafar da zai tsaya a kai. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen tsari, wato wa ya kamata ya fara ji, kuma daga bakin wa.

A da labarin mutuwa hawa-hawa yake tafiya. Uwa da mata da 'yan ɗaki ɗaya, su babba ake tasa ya je da ƙafarsa, kuma ba kowane babba ba, akwai waɗanda unguwa ta san sun iya baki. Sai a aiki yara gidajen dangi. Sai liman ya faɗa a masallaci bayan salla. Na nesa kuma a kai sanarwa gidan rediyo, a biya kuɗi, a karanta sunan marigayi da shekarunsa da 'ya'yan da ya bari, a rufe da cewa sanarwa daga wane a madadin iyalai. Ku lura da wannan "a madadin iyalai". Ma'anarsa mutuwar nan tana da masu ita, kuma su suka ba da izinin a faɗa. Ni da kunnena na ji rasuwar wani malamina a Rediyon Kaduna ina Jos, amma na tabbata kafin ta kai ga rediyo matansa sun riga sun fara takaba.

Yanzu duk mai waya ya zama gidan rediyo, kuma ba wanda yake tambayarsa a madadin wa yake magana.

Auta:
Allah ya gafarta Malam, da girmamawa, amma in aka bar maganar haka za a ce mu yara ne muka ɓata duniya. Ni ina firamare a 2014 lokacin da Ebola ta shigo Legas. Wa ya tashe mu ƙarfe uku na dare aka ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha? Ba yaro ba ne. Babanmu ne, shi ma yayarsa ce ta bugo masa daga Kaduna, ita ma wani Alhaji ne ya turo mata. Har mutane aka rasa a ƙasar nan saboda gishirin nan.

Har gobe in ka ga saƙon "tura wa mutum goma za ka ji albishir kafin Juma'a", ko maganin ciwon suga da ganyen da ba a san sunansa ba, je ka duba guruf ɗin dangi ka ga wa ya turo. Mu dai hoto muke ɗorawa. Su Baba kuwa duk abin da ya shigo musu da Bismilla a samansa, shi ke nan ya zama gaskiya.

Ɗan Gusau:
Hahaha Auta kin taɓo inda yake ƙaiƙayi. Ni har cokali biyu na sha.

Malam na Bakin Kasuwa:
'Yata, kin yi gaskiya, kuma ni ma na yi wankan, ba zan ɓoye ba. Aya ta shida a Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi ba ta ware mai furfura ba. Kuma akwai hadisi a Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mun karantar da shi shekara da shekaru a zaure, da waya ta zo hannunmu sai muka manta yatsa ma baki ne.

Mai Gyaran Waya:
Salamu alaikum. Allah ya jiƙan Kawu. Ni shekarata 16 a teburin gyara a Farm Centre, bari in faɗi abin da nake gani, don ina jin kuna ɗora wa yaron nan kayan da ba shi kaɗai ya ɗaure ba.

Sitatas ɗin nan a 2017 WhatsApp suka kawo shi. Ku duba yadda aka ƙera shi. Abin da ka ɗora awa 24 kawai yake yi ya ɓace, ga kuma ɗan ido a ƙasa yana ƙirga maka mutum nawa suka gani, har da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wato an ce maka yi sauri, sannan an ba ka ma'aunin da za ka auna kanka. Yaro ya ɗora hoton takalminsa mutum 30 suka gani, ya ɗora rasuwa mutum 200 suka gani, wasu har da kira suna tambayarsa yaushe, a ina, me ya same shi. Ranar nan shi ne babba a unguwa. Gobe in aka sake mutuwa me kuke zaton zai yi?

Akwai masu kawo min waya fuska ta fashe, in ce sai jibi, mutum ya marairaice kamar na ce zan tsare masa uwa. Ba kiran da yake jira, ba ciniki. Wani saurayi ya taɓa ce min "Oga, in na kwana biyu ban ɗora komai ba za a ɗauka na mutu." Wasa yake yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Su kansu kamfanin sun san abin da suka haifa. A 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, daga baya suka riƙa liƙa wa saƙon da ya sha yawo alama. To mutanenmu sai su kwafe rubutun su manna shi sabo, alamar ta ɓace.

Baban Walida:
Wannan bayanin ya shige ni. Amma Oga, wuƙa ma an ƙera ta da kaifi, ba a ce maƙeri ne ya yi yanka ba.

Mai Gyaran Waya:
Haka ne Yaya. Sai dai wuƙa ba ta yin ƙara a aljihunka tana cewa fito da ni.

Maman Sadiƙ:
Ni kuma bari in yi magana a matsayin wadda ta zauna a kan tabarmar makoki. Baban Sadiƙ shekararsa uku ke nan da rasuwa.

Ranar da abin ya faru wayata ta cika har ta daina motsi. Bayan sati biyu da na samu natsuwa na zauna ina dubawa. Saƙo ya fi ɗari uku. Fiye da rabi hoto ɗaya ne, wannan mai baƙin bango da rubutun zinare, kowa ya tura min shi kamar an raba musu a masallaci. Wata ƙawata da muka yi makarantar kwana tare, gidanta bai fi kuɗin ɗan sahu ɗaya daga nawa ba, ita ma shi ta turo, da hannuwa biyu na addu'a. Ba ta zo ba sai bayan arba'in, wai ai ta yi min gaisuwa a waya. Wata tsohuwa kuwa da muke saya wa ƙuli-ƙuli, ko wayar ba ta da ita, ta zo ta zauna kusa da ni tun hantsi har la'asar. Ba ta ce komai ba ban da "sai haƙuri" sau biyu. Ta tashi ta wanke min kwanuka ta tafi. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san abin da suke faɗa.

Amma kada in ci amanar wayar. Marigayi ba ya son rubutu, saƙon murya yake yi, kuma surutu gare shi. Ina da su sun fi ɗari biyu. Akwai wanda yake cewa in ajiye masa tuwo kada yara su cinye, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. Sadiƙ yana da shekara biyu lokacin, bai riƙe muryar ubansa ba. Yanzu in ya yi rigima da dare sai in kunna masa wannan na tuwon, ya yi ta dariya har barci ya ɗauke shi. Uwata da ta yi takaba a 1994 ba ta da ko hoto ɗaya mai kyau na babanmu.

Kuma da na fita takaba ba ni da jari ba ni da shago. Turaren wuta da humra nake haɗawa in ɗora a sitatas ɗin nan dai da muke zagi. Da shi nake biyan kuɗin makaranta, ban taka kasuwa ba. To ni ban san ta inda zan fara tsine masa ba.

Auta:
Anti kin sa ni kuka a cikin aji.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, don Allah ki sa a kwafe miki saƙonnin nan a wani wuri daban, ko a katin memori ko a imel. Na ga mata da yawa sun zo da wayar miji ta faɗa ruwa ko ta mutu, suna roƙo a ciro musu murya, wani lokaci a dace wani lokaci a'a. Kada ki bari sai ranar.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙanena, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Gobe in sha Allahu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa gare ku mutanen Najeriya, Allah shi jiƙan wanda ya rigaye mu. Ni daga Zinder nike, kuma abin da Ɗan Gusau ya faɗa mun ga irinsa ta wata fuska. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, aka yanke muna wutar da ke zuwa daga wajenku, ba a buɗe ta ɓangarenku ba sai Maris 2024. Ƙanwata tana aure a Daura. Ta haihu a cikin watannin nan, uwarmu ba ta samu zuwa wankan jego ba. A salula aka yi suna. An jingina ta da tulu a tsakar gida, muna kallon ana raɗa wa yaro suna a Daura, mata na guɗa nan da can, rezo, wato sabis, na yankewa yana dawowa. Gwamnatoci sun ja layi sun ce nan Nijar nan Najeriya, salula ba ta san da layin ba.

Sai dai akwai abin da ni ke damuna wanda ba ku taɓo ba. Ɗiyana yanzu Hausar Kano suke yi. Ba su taɓa zuwa Kano ba. A YouTube da TikTok suka ɗauke ta. Ran nan na ce ma ƙaramin ya tafi lakwal, ya ce "Baba, makaranta ake cewa." A gidana, a Damagaram.

Alhajin Zango:
Ɗan Damagaram, kai naka da sauƙi. Mu a Kumasi kakanninmu fataucin goro ya kawo su, mun fi shekara ɗari a nan, Hausarmu ta bi ta kanta. Mu ba mu cika raba mace da namiji a magana ba, sai ka ji an ce "matata ya zo", kuma ba wanda zai ɗaga kai a Zango. Yanzu jikokina suna kallon finafinan Kano a waya, in na yi magana sai su ƙyalƙyale, wai Alhaji ya mai da Hajiya namiji. Da farko abin ya ba ni haushi. Daga baya na lura yaran nan da a da Turanci da Twi suka fi yi a tsakaninsu, yanzu da Hausa suke faɗa. Suna sa babbar riga da hula ranar Juma'a suna ɗaukar hoto, suna rubuta cewa su Hausawa ne, abin da ubanninsu suke ɗan ɓoyewa a makaranta. To an ƙwace min Hausata an ba jikokina wata. Ban san ko riba na ci ko faɗuwa ba.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, wannan magana taka ta yi nauyi. Mu nan a 2025 hukuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, muka yi murna. Amma wace Hausa yara za su ɗauka, ta takardar hukuma ko ta cikin salula?

Auta:
Ni kuma a TikTok na fara jin Sakkwatanci da kyau. Da in na ji "mi kaka so" dariya nake, na ɗauka wasan kwaikwayo ne. Yanzu akwai 'yan matan Sakkwato da na Maraɗi da nake bi, ba sa canza harshensu don kowa, kuma mabiyansu sun fi na wasu 'yan Kano. Sannan a Yuli 2022 da rikici ya tashi a jihar Blue Nile ta Sudan aka kashe Hausawa, bidiyoyin zanga-zangarsu suka yi ta yawo, wallahi a ranar na san akwai Hausawa masu yawa haka a Sudan. Wani malaminmu ya ce wasunsu jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, wasu kuma mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka. Ba wanda ya koya min wannan a sakandare. Waya ce ta sa na tambaya.

Malam na Bakin Kasuwa:
Malaminku ya faɗi daidai. Garin Mai Wurno yana nan a Sudan a bakin kogin Blue Nile har yau, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne.

Tunda an shigo harshe, bari in sauke nawa kayan. Ku yaran nan kun kashe ƙugiya. Ɗalibina ya rubuto min wai "Malam, baki sun zo." Na ce bakin wa? Ashe baƙi yake nufi. Wata ta rubuta "wallahi karya ce", tana nufin ƙarya, ta zagi baiwar Allah ba ta sani ba. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, da injin ɗab'i na ƙarfe aka wahala aka yi wa ƙ da ɗ da ɓ gurbi. Yau ga shi a cikin wayarku kyauta, in ka sa kibod ɗin Hausa ka danne harafin zai fito, amma kun ce ɓata lokaci ne.

Auta:
Malam ai ana ganewa daga yadda maganar ta tafi.

Malam na Bakin Kasuwa:
Wadda aka kira karya ba ta gane ba, sai da aka yi sulhu.

Shugaban Zaure:
Jama'a, muhawara ta yi daɗi amma mun baro Baban Walida a tsaye a bakin hanya. Daga rasuwar Kawu mun kai Sudan mun dawo kan ƙugiya. A dawo kan batu don Allah. Kuma wanda ya turo tallan fili ɗazu na goge, wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Ɗan Gusau:
To ni dai ga inda na tsaya. Ba za ka hana mutane ɗorawa ba, wannan jirgin ya tashi. Ku tuna kafin 2001 layukan NITEL a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, gidan da ke da tarho a unguwa an san shi, a can ake zuwa jiran kira. Da MTN da Econet suka fara a Agustan shekarar, layi kaɗai ya fi naira dubu ashirin, minti ɗaya naira 50, ko sakan biyar ka yi an cire. Sai Glo ta zo a 2003 da lissafin sakan-sakan, talaka ya samu shiga. Lokacin fulashin muke yi, kowa na tsoron katinsa. Tsadar ce take sa mutum ya yi tunani kafin ya buga, ba wai mun fi yaran yanzu hankali ba. Yau magana ta zama kusan kyauta. Abin da ya rage shi ne iyali su riga kowa. In an yi rasuwa a kira na kusa nan take, ko da ta waya ne, a daina cewa sai an je.

Baban Walida:
A nan ne ba mu haɗu ba. Ka ce in kira tsohuwa mai shekara 76 mai hawan jini, tana ɗaki ita kaɗai, in ce mata ƙaninta ya mutu, don kada wani yaro ya riga ni? Wato mu ma mu shiga tseren ke nan. Wa zai riƙe ta in ta tafi luu? Wayar?

Maman Sadiƙ:
Akwai hanya tsakanin biyun. Mu a danginmu bayan abin da ya faru da wata gwaggonmu, irin naku sak, muka yi ƙa'ida. Duk wanda yake wurin da aka yi rasuwa, kafin ya kira kowa, zai kira mace ɗaya babba da ke kusa da gidan uwar ko matar, maƙwabciya ma ta isa, ya ce ki shiga ki zauna da ita, ki karɓe wayoyin yaran gidan. Minti biyu ne. Sannan ba mai ɗora komai sai babban gida ya rubuta a guruf ɗin dangi cewa an sanar da na ciki. Wanda ya karya, shi zai sayi buhun shinkafar sadakar uku. Sau ɗaya aka karya, kuma wani kawunmu ne mai shekara 60, ba yaro ba. Ya saya.

Auta:
Kun gani ko!

Mai Gyaran Waya:
Dangi za su bi, Hajiya. Ɗan maƙwabci fa? Shi ba ya guruf ɗinku.

Maman Sadiƙ:
Shi ya sa na ce a fara karɓe wayoyin cikin gida. Ba za ka iya rufe bakin gari ba, amma ƙofar ɗaki ɗaya tana rufuwa.

Malam na Bakin Kasuwa:
Zan ɗauki wannan in faɗa a karatun Asabar. Limamai ma ya kamata su riƙa tunatarwa, kamar yadda ake tunatar da kashe waya a sahu. Kuma a daina ɗaukar gawa hoto a makara, wannan na gani da idona a maƙabarta, yaro ya ɗaga waya sama da kawunan mutane kamar ana ɗaurin aure.

Baban Walida:
Na gode muku duka, na karanta komai har na Sudan ɗin. Bari in ba ku ƙarshen abin, don jiya da daddare ya faru.

Uban yaron ya kawo shi gida ya ba Inna haƙuri. Ni na so in yi masa tatas, Yaya ya taka min ƙafa. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofa yana rawar jiki, ba zai wuce shekara 17 ba. Ashe shi yake kai Kawu masallaci da asuba tun da idonsa ya yi rauni, mu ba mu ma sani ba. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce "Ina hoton?" Muka kalli juna. Ta ce hoton da aka ce ya sa, tana son ta gani, don ranar ba ta kai ga gani ba ta faɗi.

Ya ce ai na sitatas ya ɓace tun washegari, amma yana da shi a waya. Ya miƙa mata. Kawu ne zaune a kan dakalin ƙofar gidansa ranar ƙaramar salla, da farar hula ta ɗan karkace, yana dariya har ana ganin wawulonsa. Inna ta kawo wayar dab da fuskarta, fuskar wayar ta yi duhu, ta ce ya tafi, yaron ya matso ya taɓa mata ya dawo. Haka suka yi ta yi, ita tana kallo shi yana taɓawa, har aka kira isha.

Da za su tafi ta ce a fitar mata da shi a takarda, babba, irin wanda ake ratayewa, ita ba ta son wanda yake mutuwa a hannu. Oga Mai Gyara, a ina ake wanke hoton waya ya fito da kyau bai dushe ba? Kuma yaron ta WhatsApp ya turo min, na ga kamar ya ɗan yi hazo.

Mai Gyaran Waya:
Kada ka wanke wannan, WhatsApp yana matse hoto ne in an tura shi haka. Ka ce ya turo maka shi a matsayin fayil, ko ku zo da wayar tasa gaba ɗaya in ciro na asalin. Akwai mai wanki a layinmu, zan raka ku. Ku zo kafin azahar, bayan nan layi yake yi.

Baban Walida:
To sai mun zo gobe in Allah ya kai mu. Da yaron zan zo.